Ranar da Yayana Ya Goge Sunansa daga Allo

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda direbobin bas na kamfanin sufurin garinmu suka fi sani da Ruwan Sanyi. Ya rasu yana da shekara hamsin da uku. Ya bar mahaifiyarmu, da matarsa, da 'ya'ya huɗu, da ni autar gidanmu, wadda ke tsara jadawalin direbobi a kamfanin da ya yi wa aiki shekara ashirin da shida. Masu zuwa gaisuwa sukan tambayi abin da ya same shi, a ce musu zuciya ce, su girgiza kai su yi addu'a su tafi. Ba ƙarya aka faɗa musu ba, amma maganar ta yi gajarta, ni kuwa kowa ya san ban iya barin magana a rabi ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, da kai nake.

Ba don sanyin jiki aka laƙaba maka wannan suna ba, don yadda kake taka birki ne. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙwai da takan bar bas biyu su wuce ta, ta tsaya a rana da kayanta har sai naka ya zo, wai shekara tara ba a taɓa fasa mata ƙwai ko ɗaya a motarka ba. Ba ka tashi daga tasha sai ka ga a madubi tsohon da ya hau ya samu wuri ya zauna. Masu gaggawa su yi ta tsaki a bayanka, kai ko a jikinka. Ni kuwa Allah Ya yi ni da wuta. Umma takan ce ruwa ta fara haifa, ta rufe da garwashi. Kai ka kawo ni kamfanin, kuma ranar da na fara aiki ka tsayar da ni a bakin ƙofa ka ce, "Auta, ki yi faɗa da wanda kika ga dama a gidan nan, amma ban da agogo." Na kiyaye. Da kowa na yi faɗa, har da kai, amma mota ba ta taɓa makara da laifina ba.

Kana da shekara talatin da takwas ciwon ya fara. Gudawa da jini, murɗar ciki, zazzaɓi, mutum ya shiga banɗaki sau goma sha biyar kafin rana ta faɗi. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce atini ne, kowa da maganinsa. Ka rame har wandon aiki sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Sai da aka zura na'ura mai kyamara aka duba, aka ga babban hanjinka ya kumbura ya yi gyambo daga farko har ƙarshe. Likita ya ce ba wani abu ka ci ba, ba kuma wani ya sa maka ba. Garkuwar jikinka ce ta juyo tana yaƙar hanjinka. Ya ce ciwon kumburin hanji ba ya warkewa gaba ɗaya, yakan kwanta ya kuma tashi, sai dai a yi ta lallashinsa da magani.

Wanda bai taɓa zama a kujerar direba ba, ba zai gane girman wannan magana ba. Ma'aikacin ofis in cikinsa ya murɗa sai ya tashi. Direban bas fa, a tsakiyar titi, da mutane cike a bayansa, ina za shi? Ga shi ciwo ne da ba a iya faɗarsa a cikin mutane. Mai ciwon kai ana yi masa sannu, mai wannan kuwa kunya ce ke riga ciwon kashe shi. Na ɗauka za ka ajiye aiki. Ba ka ajiye ba, kuma a nan ne mu muka shigo.

A garejinmu ba abin da muka iya kamar rufa wa juna asiri. Wanda idonsa ya fara rauni sai a bar shi a aikin rana. Wanda bayansa ke ciwo sai a ba shi mota mai laushin kujera. Ba a kai magana ofishin manaja, a kan allona ake gama komai, wani babban allo baƙi da nake rubuta sunan kowa da alli a gaban layin da zai bi. Na ɗauke ka daga dogayen layuka na kafa ka a layi na takwas, wanda minti talatin da biyar ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka samo makullin banɗakin wani gidan mai a ƙarshe ɗaya, wani tela kuma ya ba ka na bayan shagonsa a ɗaya ƙarshen. Ƙarƙashin kujerarka akwai 'yar jaka da wando da sabulu, ba wanda ya taɓa tambayar ta mece ce. Ranar da cikin ya tashi da faɗa, sai ka shigo ka kife hularka a kan teburina, ni kuma in goge sunanka in rubuta na Dogo, amininka, wanda bai taɓa cewa a'a ba ko da ranar hutunsa ce. Shekara goma sha biyu muna haka. Ina alfahari da shekarun nan, kuma ba zan ɓoye ba.

Ba kai kaɗai ka amfana da wahalarka ba. Ranar gaisuwar kwana uku wata malamar makaranta ta zo, ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce a layin ganin likita ka same ta tana kuka, sabon kamu, ta riga ta rubuta takardar barin aiki don ba za ta iya tsayawa gaban yara da irin wannan ciwon ciki ba. Wai ka zauna nesa kaɗan da ita ka tambayi hanyar da take bi zuwa makaranta, sannan ka karɓi bironta ka jera mata duk inda akwai banɗaki mai tsabta a hanyar, da wanda ƙofarsa ke kulluwa, da wanda mai gadinsa ke da mutunci. Ta ce ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta yaga takardar. Yanzu ita ce mataimakiyar shugaban makarantar. Kai kuwa ko sau ɗaya ba ka taɓa ba mu wannan labari ba.

Sai shekara uku da suka wuce, da zafi, ciwon ya yi wani mugun tashi. A cikin haka ka fara dafa ƙirji. Ka ce wani abu ya tokare ka a nan, numfashi ba ya kai ƙasa, zuciyar kuma takan yi kamar ta yi tuntuɓe. Me na ce? Na ce ƙwannafi ne. Anti, matarka, ta ce ƙwannafi ne. Umma ta ce iska ce ta hau sama, a ba ka ruwan ɗumi. Shekara goma sha biyu sun koya mana cewa duk abin da ya same ka ciki ne, kuma maganin ciki mun san shi: a canja suna a allo, a huta yini guda, a dawo. Haka na yi. Kwana huɗu ina wasa da alli, kana tuƙa rabin yini kana hutawa rabi. A rana ta biyar ka hau matakala ukun nan na ƙofar bas, ka zauna a kujerar farko kana haki kamar wanda ya yi gudun mil guda. Dogo ne ya dube ka ya ce, "Kai, wannan ba ciki ba ne." Ya ɗauke ka a motarsa zuwa asibiti ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Suka manna maka wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton zuciya. Likitar zuciya, wata mace mai magana a hankali, ta zaunar da mu ni da Anti. Ta ce tsokar zuciyarka ce ta kumbura. Ta ce ciwon kumburin hanji ba lallai ya tsaya a hanji ba. Yakan taɓa gaɓoɓi, yakan taɓa ido ko fata, jefi-jefi kuma ya kai ga zuciya, musamman lokacin da ya tashi. Wani lokacin ma ɗaya daga cikin magungunan hanjin ne ke jawo hakan, shi ya sa suka canja maka naka. Ta ce abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba, kuma akasarin waɗanda ya samu sukan warke sarai. Sannan ta tambaya, "Kwana nawa ke nan yana jin ƙirjin?" Na ce huɗu. Ta ce, "Yana aiki?" Na ce e. Sai ta rubuta kawai. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Ga duk mai karanta wannan da ke da mai irin wannan ciwo a gida, ina roƙonku don Allah: in ya dafa ƙirji, ko numfashinsa ya yi gajere, ko ya ce zuciyarsa na tsalle, kada ku ce ciki ne. Ku kai shi a duba a ranar. Mu mun ce ciki ne, kuma soyayya ce ta sa muka faɗa, amma soyayya ba gwajin zuciya ba ce.

Kwana goma sha biyu ka yi a gadon asibiti, aka kuma ɗora maka hutun wata shida, ba ɗaukar nauyi, ba hawa bene da sauri. Anti ta ce ba ta taɓa sanin mutum mai haƙuri zai iya zama fitina ba sai a watannin nan. Ka hana kowa sakat a gida. Ka zauna a kujera kana ba da umarnin yadda za a gyara famfo, kana yi wa yara lissafin minti nawa suka ɓata kafin su fita makaranta. Amma ka murmure. Hanjin ya kwanta, kumatu suka dawo, har Umma ta fara tsokanarka wai ka yi tumbi. Duk garejin ya ƙagu ka dawo.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta hutun ka shigo ofishina da wasiƙar likita, ka ce in miƙa wa manaja, domin ta teburina duk takardun lafiya suke bi. Da ka fita na buɗe. Kumburin ya tafi, in ji wasiƙar, amma ya bar tabo a tsokar zuciya, kuma na'urar da aka ɗaura maka ta kwana biyu ta nuna bugun yakan rikice ba gargaɗi. Za ka ci gaba da shan magani, za su ci gaba da duba ka. Layi na ƙarshe ya ce bai dace ka ƙara tuƙa motar ɗaukar jama'a ba.

Na karanta sau uku. Na tuna wandon da ke cikin jaka, da makullan banɗaki, da ranakun da ka tuƙa mota kana cije leɓe gumi na zuba. Na ce a raina, mutumin da ya sha duk wannan don kujerar nan, ba takarda ɗaya ce za ta raba shi da ita ba, ba dai ina raye ba. Na jefa wasiƙar a aljihun tebur na kulle. Na kira Dogo da manyan direbobi biyu na gaya musu, kowa ya ce daidai ne, ai mun saba. Na ɗauki alli na rubuta sunanka a layi na takwas, safiyar Litinin.

Litinin ka zo cikin kayan gida, ba rigar aiki. Ka tsaya gaban allon. Ina kallonka ta gefen ido, kuma wallahi na ga yadda fuskarka ta yi haske da ka ga sunan. Wanda ya ce ba ka so kujerar nan ba bai san ka ba. Ka daɗe a tsaye. Sannan ka sa babban yatsa ka goge sunan a hankali, harafi bayan harafi, ka juyo ka miƙo hannu.

"Auta, ba ni wasiƙar."

Na ce, "Shekara goma sha biyu muna rufa maka asiri, yau kai za ka tona da hannunka?"

Ka ce, "Wancan ciwon nawa ne ni kaɗai. In ya tashi a hanya, wandona ne zai ɓaci. Wannan in ya tashi, da mutum sittin zai tashi."

Na ce maka likitoci sun faye tsoro. Na ce ga ka nan garau, ka fi rabin direbobin lafiya. Na ce ka tuna yara. Da na ga ba ka motsa ba sai na koma faɗa, wanda shi na fi iyawa, na ce ka raina wahalar da muka sha a kanka, ka mai da mu mutanen banza. Kai dai hannunka na nan a miƙe, da farin alli a yatsa. Na buɗe aljihun na wurga maka wasiƙar, ta faɗi ƙasa. Ka sunkuya ka ɗauka, ka kaɗe ta, ka nufi ofishin manaja ka ƙwanƙwasa.

Mako uku ban yi maka magana ba. Kullum da safe ka leƙo ka ce, "Ranki ya daɗe, sarauniyar allo," in ɗauke kai. Umma ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce tun ina goye nake da taurin kai. Ban sauko ba sai ranar da ka leƙo ka ce, "Auta, in ba za ki gaishe ni ba, ki aiko agogo ya gaishe ni, shi ai ba ku faɗa." Dariya ta ƙwace min, daga nan kuma kuka.

Manaja ya yi halin girma. Ya ba ka duba motoci kafin su fita, da koyar da sababbin direbobi. Kakan zauna a kujerar bayan direba kana magana ƙasa-ƙasa, kuma duk wanda ka koyar yakan ce yana jin ƙafarka tana taka birkin da babu. Ko motar gida ba ka ƙara tuƙawa ba, babbar 'yarka ce ke kawo ka, kana gefe kana gyara mata riƙon sitiyari har ta ce, "Baba, ko dai in sauke ka ka hau bas?" Na san abin na ci maka rai. Sau nawa ka shigo ofishina ka tsaya kallon allo, in na ɗago ka ce lokaci ka zo dubawa, alhali ga agogo a hannunka. Amma ban taɓa jin ka ce da na sani ba.

Kuma abin da ka yi bai tsaya a kanka ba. Wata biyu bayan haka Dogo ya je aka duba idonsa, ya dawo da tabarau mai kauri, muka yi ta yi masa dariya yana cewa ashe allunan hanya rubutu ne a jikinsu. Wani dattijon direba mai ciwon sukari ya kai takardarsa da kansa. Har yau muna rufa wa juna asiri a garejin nan, kuma za mu ci gaba, amma ka koya mana bambance asirin da na mutum ne shi kaɗai da wanda akwai ran wasu a ciki. Aljihun teburina tun ranar bai ƙara kwana da wasiƙar likita ba.

Ranar Talatar nan ka zo da wuri kamar kullum. Ka duba motocin safe, ka sallame su, ka zauna a bencin bakin gareji da kofin shayinka kuna hira da mai gadi. Ya ce kana cikin magana ka ce, "Riƙe min kofin nan." Ya riƙe. Ka jingina da bango, shi ke nan. Likita ta ce bugun ne ya rikice gaba ɗaya, kuma da wuya ka ji wani zafi. Mai gadi, da yake aikinsa ne rubuta shiga da fita, ya dubi agogon ƙofa. Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu.

Yaya, shekara goma sha biyar ina rubuta jadawali, ba sai na buɗe takarda ba. Ƙarfe bakwai da minti ashirin da biyu na safiyar ranar aiki, bas ɗin layi na takwas yana kan gangaren gada. Ya riga ya kwashi 'yan makaranta a tasha ta huɗu, da ma'aikatan asibiti masu karɓar aikin safe, mutane a tsaye har bakin ƙofa, ga masu kayan lambu sun baza hajarsu a gindin gangaren. Da ka bar sunanka inda na rubuta shi, a nan kake. Ni da hannuna na so in ajiye ka a wurin.

A ranar, ɗaya daga cikin waɗanda ka koyar ne ke tuƙi. Ya sauka gangaren lafiya, ya isa ƙarshen layi a kan lokaci. Mutane suka sauka suna ƙorafin cunkoso, kowa ya kama gabansa, yara suka ruga don kada a rufe musu ƙofar makaranta. Ba wanda ya san ka a cikinsu, ba kuma wanda zai zo mana gaisuwa. Ina kuka, Yaya, ba zan ce ba na yi ba, amma kaina a sama yake. Kai ne da gaskiya, ni ce na yi kuskure. Ka yafe min, ko da yake na san tun ranar ka yafe.

Umma, Allah Ya ba ki haƙurin wannan rashi, kin haifi ɗa kuma kin ga tarbiyyarki. Anti, ke kika san dafa abinci biyu kullum shekara goma sha biyar, ke kika san wanki da zaman asibiti ba tare da kin taɓa ɗaga masa murya a kai ba; Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya sanyaya zuciyarki. Yara, ku riƙe kanku, gwaggonku na nan, kuma duk inda kuka shiga ku faɗi ko ku 'ya'yan wane ne ba tare da kun sunkuyar da kai ba. Dogo da sauran 'yan gareji, rashin namu ne gaba ɗaya, Allah Ya ba mu dangana. Masu fama da wannan ciwo a ɓoye, Allah Ya ba ku sauƙi, Ya haɗa ku da masu rufa muku asiri da hankali.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka sa ciwon da ya ɗauka shekara goma sha biyar ya zama kankarar zunubi, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani in lokacinmu ya yi. Ya Ubangiji, ga bawanKa nan ya zo Maka shi kaɗai, bai taho da kowa ba. Ka karɓe shi da rahama.